Jerin gizagizai masu juyi a bayan tsibiran Kanari: guguwa ce ko wani abu dabam?

Malam Garba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare wani ɗan'uwana ya turo mini hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, tare da gargaɗin cewa wai guguwa bakwai sun jeru a Tekun Atlantika suna dosar Afirka ta Yamma, kuma a yaɗa saƙon domin kowa ya yi shiri. Na daɗe ina duban hoton. Lallai akwai fararen gizagizai da suka murɗe ɗaya bayan ɗaya a sahu biyu, kamar tufkar igiya, kuma duk wanda bai taɓa ganin irinsu ba dole gabansa ya faɗi. Amma da na bi jerin har zuwa tushensa sai na tarar ya faro ne daga jikin wani tsibiri, kuma siffar gaɓar tekun da ke gefe ta nuna mini cewa tsibiran Kanari ne, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin Sifaniya, daura da kudancin Maroko. Abin da ke cikin hoton ba guguwa ba ce, ba kuma ya tafiya zuwa ko'ina da zai cutar da wani. Iska ce da ta saba busowa daga arewa maso gabas ta ci karo da tsaunin tsibiri, ta rabu biyu, sannan ta riƙa murɗawa a bayansa, gizagizan da ke wurin kuwa suka fito da siffar murɗawar a fili. Na kawo maganar nan ne domin a ganina ya kamata mu iya bambance irin wannan hoto da hoton guguwar teku ta gaskiya, wadda ita ce ke rusa garuruwa.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ma hoton ya shigo wayata, kuma ba zan ɓoye ba, na tura wa mutum biyu kafin in ga bayaninka. Sai dai har yanzu zuciyata ba ta natsu ba, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan gizagizai yana da rami a tsakiya, kuma abin da muka sani shi ne guguwar teku ce take da ido a tsakiyarta. Da wace hujja za mu ce wannan ido ba irin wancan ba ne?

Malam Garba:
Hajiya, tambayar tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin hoton da ke hannunki. Ki buɗe shi sosai ki dubi ɓangaren da kowane girgije ya murɗa. Za ki ga na sahun dama sun juya ta wani gefe, na sahun hagu kuma sun juya ta ɗaya gefen, suna bi da bi. Guguwar teku ba ta yin haka. A arewacin layin Ikwaita kullum tana juyawa ne saɓanin tafiyar hannun agogo, a kudancinsa kuma tana bin tafiyar hannun agogo, saboda juyawar duniya ce ke karkatar da iskar da ke kwarara zuwa tsakiyarta. Idan har kika ga biyu suna maƙwabtaka da juna, ɗaya ta juya dama ɗaya ta juya hagu, to kin tabbata ba guguwar teku ba ce. Sannan ki dubi girma. Kowane murɗi a bayan tsibiri faɗinsa 'yan gomomin kilomita ne, ita kuwa guguwar teku takan rufe ɗaruruwan kilomita ita kaɗai, tana shimfiɗe a kan ruwa kamar babban faifai, ga zoben gizagizai mai kauri kamar gammo ya kewaye idon.

Injiniya Auwal:
Malam Garba ya yi bayani mai kyau, ni dai zan ƙara da ɓangaren da muka karanta a fannin gudanar ruwa da iska. Wannan abu ana danganta shi da Theodore von Kármán, masanin lissafi da injiniyanci da aka haifa a birnin Budapest a 1881, wanda ya yi bayaninsa da lissafi a 1911 da 1912 lokacin da yake aiki a jami'ar Göttingen ta ƙasar Jamus. Kafin shi wani Bafaranshe mai suna Henri Bénard ya riga ya ga irin wannan jeri a gwajin da ya yi cikin ruwa a 1908. A wancan lokaci babu ɗayansu da ya gan shi a sararin sama, domin babu abin da zai hau can ya ɗauko hoto.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gada da damina, lokacin da kogi ya kawo, ya ga ƙaramin misalinsa. Ka leƙa bayan ginshiƙin gadar ka dubi kumfa da karare da ruwan ya ɗebo. Ruwan ba ya haɗewa sumul bayan ya wuce ginshiƙin, sai dai ya murɗa ta dama, murɗin ya ɓalle ya bi ruwa, nan take wani ya taso ta hagu shi ma ya ɓalle, haka nan ba tsayawa. Fiton da wayar lantarki take yi da hunturu shi ma daga nan yake. Akwai lissafi mai sauƙi da ya samo asali daga gwajin Vincenc Strouhal a kan wayoyi a 1878: ka ninka gudun iskar da 0.2, ka raba da kaurin abin da ya tare ta, sai ka sami yawan murɗin da ke ɓallewa ta gefe ɗaya a kowace daƙiƙa. Idan iska tana gudun mita 10 a daƙiƙa, waya kuma kaurinta milimita 5 ne, za a sami 400 a daƙiƙa, wanda kunne ke ji a matsayin fito. Ka bar iskar yadda take, ka maye gurbin wayar da tsibiri mai faɗin kilomita 40, sai lissafin ya ba ka zagaye ɗaya a cikin sa'o'i biyar da rabi. Ƙa'ida ɗaya ce, girman ne kawai ya bambanta, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni a cikin al'amarin tun ina ɗalibi.

Zulai:
Yallaɓai Injiniya, ina neman ƙarin haske. Ginshiƙin gada ya fito har saman ruwa, saboda haka ruwan ba shi da hanya sai ta gefe. Amma iska ai tana da sarari a sama. Me zai hana ta haura tsaunin ta wuce? Kuma idan kowane tsibiri yana tare iska, me ya sa hotunan da nake gani kusan kullum na wurare ƙalilan ne?

Malam Garba:
Madalla da wannan tambaya, Zulai, domin a nan ne misalin gada yake gazawa, kuma ina ganin Injiniya ya sauƙaƙa abin fiye da yadda yake. Iska tana iya haura tsauni, kuma a mafi yawan tsibirai hakan take yi. Ana samun jerin ne idan akwai abin da ya danne ta daga sama. A wajen Kanari ruwan teku yana da sanyi saboda igiyar ruwan da ke gangarowa daga arewa da kuma ruwan ƙasan teku da ke tasowa a gaɓar Maroko da Muritaniya. Iskar da ke kwance a kan wannan ruwa sai ta zama mai sanyi, mai laima, mai nauyi, a samanta kuma, a tsayin kusan kilomita ɗaya ko fiye da haka kaɗan, akwai iska mai ɗumi, busasshiya, da ta zauna mata kamar murfi a kan tukunya. A ƙarƙashin murfin ne siririn bargon girgije yake shimfiɗuwa, wanda mutanen birnin Las Palmas na Kanari ke kira tumbin jaki a harshensu, saboda launinsa na toka-toka da yadda yake rataye a kan gari da bazara. To dutsen Teide na tsibirin Tenerife tsayinsa ya haura mita 3,700, ya huda murfin ya wuce nesa. Iska mai nauyi ba ta da ƙarfin hawa can, sai ta bi ta gefe, kuma a nan ne tsaunin ya zama tamkar ginshiƙin gada.

Shi ya sa sunayen suke maimaituwa. Akwai tsibirin Guadalupe a yammacin Meziko, wanda ruwan sanyi na gaɓar Kalifoniya ya kewaye shi. Akwai Madeira ta Fotugal, da tsibiran Cape Verde inda dutsen Fogo ya kai mita 2,829. Akwai Jeju ta Koriya ta Kudu, wadda nata jerin ya fi fitowa da lokacin sanyi, sa'ad da iska mai tsananin sanyi ke kwararowa daga Saiberiya ta bi ta kan teku. Akwai Jan Mayen can arewa mai nisa, da tsibirin Alejandro Selkirk na ƙasar Chile, wanda tauraron Landsat 7 ya ɗauki sanannen hotonsa a 1999. Dukansu tsibirai ne masu tsauni mai tsayi da ke tsaye su kaɗai a cikin teku. Ana kuma buƙatar iska madaidaiciya, domin idan ta yi rauni murɗin ba ya ɓallewa, idan ta yi ƙarfi ƙwarai tsarin ya wargaje.

Injiniya Auwal:
Na karɓi gyaran, Malam. Lissafin da na kawo na sanda ce a cikin ruwa, kuma tsibiri ba sanda ba ne, faɗinsa yana raguwa yayin da ake hawa, saboda haka faɗin da ya kamata a sa a lissafi shi ne na daidai tsayin da gizagizan suke. Amma ba zan janye gaba ɗaya ba, domin waɗanda suka auna tazarar murɗin a hotunan tauraro sun sami sakamakon da bai yi nisa da na ɗakin gwaji ba. Ina kuma so a lura da wani abu: juyin yana nan ko babu girgije. Ranar da sama ta yi garau iskar tana murɗawa a bayan tsibirin yadda ta saba, mu ne dai ba mu da abin da zai nuna mana. Wani lokaci ƙurar Sahara ce ke fito da siffar maimakon girgije.

Malam Idi:
Gaisuwa gare ku duka daga Maraɗi. Na gamsu cewa wannan hoto ba na guguwa ba ne, amma ina tsoron kada mai karatu ya tashi da fahimtar cewa guguwar Atlantika ba ta da alaƙa da mu. Alaƙar tana da ƙarfi, sai dai ba ta fuskar da mai tura saƙon ya zata ba. Ba zuwa take yi wurinmu ba, daga wurinmu take fita. Duk manomi ya san hadarin damina daga gabas yake tasowa, ya zo da iska da ƙura a gabansa, ya zubar da ruwa, ya wuce yamma, bayan kwana uku zuwa biyar wani ya biyo. Masana yanayi sun nuna cewa wannan bi da bi yana da nasaba da wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma a tsayin kusan kilomita 3, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin yankin gaɓar Gini ke haifarwa. Iskar tana yin lanƙwasa kamar tafiyar maciji, kuma lanƙwasar tana farowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Cadi, da Nijar da arewacin Nijeriya, da Mali, ta faɗa teku ta wajen Senegal da Gini. Yawancin manyan guguwowin da ke afka wa tsibiran Karibiyan da Amurka daga irin wannan suke farowa. Guguwar Irma ta 2017, wadda ta ragargaza tsibirin Barbuda a farkon Satumba, a ƙarshen Agusta ta bar gaɓar Afirka ta Yamma tana tarin hadari kawai. A hotunan tauraron yanayi na Meteosat mutum yana iya bin irin wannan tari da ido, kwana bayan kwana.

Hajiya Rabi:
Ikon Allah. Malam Idi, wato ruwan da ya shayar da gero a nan shi ne ke zama bala'i a wata nahiyar? To me ya hana ta taso wa Legas ko Fatakwal, tunda su ma a bakin Atlantika suke?

Malam Garba:
Hajiya, sai an yi hattara da wannan jimla. Maganar Malam Idi gaskiya ce, amma a shekara ana samun irin wannan lanƙwasa kusan 60, kuma kaɗan ne daga ciki suke zama guguwa, sauran su mutu a kan teku ba wanda ya ji labarinsu. Kafin tarin hadari ya zama guguwa sai zafin saman teku ya kai kusan digiri 26.5 a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗumin ya nutsa ƙasa sosai, domin tururin da ke tashi daga ruwan shi ne abincinta. Tururin yana hawa ya zama girgije, ya saki zafi, zafin ya ƙara jawo iska daga ƙasa, abin ya riƙa ciyar da kansa. Sai kuma iskar sama da ta ƙasa su kasance ba su saɓa wa juna sosai ba, in ba haka ba su yaga ginin tun bai tsaya ba. Busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, idan ta shiga cikinta, ita ma tana shaƙe ta. A nan babban bambancin yake da abin da muka faro da shi: jerin bayan tsibiri a kan ruwan sanyi yake samuwa, ba shi da abincin kansa, yana raunana tun daga lokacin da ya ɓalle har ya ɓace bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, ita kuwa guguwa ruwan ɗumi take bi tana ƙara ƙarfi.

Game da Legas, gaɓarmu ta yi kusa da layin Ikwaita, inda karkatarwar da juyawar duniya ke yi wa iska ba ta da ƙarfin da zai sa hadari ya dunƙule ya yi juyi. Guguwar teku da wuya take samuwa a ƙasa da digiri 5 daga layin, kuma tekun da ke kudu da mu a cikin wannan tsakani yake. Ban da haka iskar sama yamma take kora komai, nesa da mu. Cape Verde ce ke bakin hanyar, kuma ko ita ba kasafai abin ke samunta da cikakken ƙarfi ba. Guguwar Fred da ta ratsa tsibiran a ranar 31 ga Agusta 2015 ita ce ta farko mai wannan ƙarfi da aka rubuta a wurin tun 1892.

Zulai:
Malam, akwai hotunan da nake gani masu ja da shunayya da baƙi a tsakiyar guguwa. Shin haka take a ido, ko ƙari ake yi domin a tsorata mutane?

Injiniya Auwal:
Ba haka take a ido ba, ƙanwata, amma kuma ba ƙarya ba ce. Tauraron yana da na'urar da ke auna zafin da abu ke fitarwa, wadda ke aiki dare da rana, sai masana su ba kowane mataki na sanyi launinsa domin a gane shi da sauri. Kan girgijen guguwa yakan hau sama da kilomita 15, inda sanyi kan kai digiri 70 ko 80 ƙasa da sifili, shi ne ake shafa wa waɗannan launuka masu ƙarfi. Wannan ma wata hanya ce ta gwada hoton Kanari. Gizagizan bayan tsibiri suna ƙasa-ƙasa, zafinsu bai yi nisa da na ruwan teku ba, don haka a irin wannan hoto da ƙyar ake ganinsu, sai toka-toka mai dishi-dishi.

Taurarin ma iri biyu ne. Akwai masu tsayuwa daidai kan wuri ɗaya a nisan kilomita 35,786, irin su Meteosat na Turai da ke kallon Afirka, da GOES na Amurka, da Himawari na Japan, waɗanda ke aiko da hoto kowane minti 10 zuwa 15, kuma da su ake bin tafiyar guguwa. Akwai kuma na ƙasa-ƙasa irin Terra da Aqua na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a nisan kusan kilomita 700, waɗanda ke wucewa ta kan wuri sau ɗaya da rana amma su ɗauko hoto mai kaifi. Mafi yawan kyawawan hotunan bayan tsibirai daga waɗannan biyun suke.

Malam Idi:
Ni abin da ke damuna shi ne, ganin guguwa daga sama bai wadatar ba. Tun da aka harba tauraron yanayi na TIROS-1 a ranar 1 ga Afrilu 1960 ake ganin gizagizai daga sama, amma duk da haka guguwar Bhola ta kashe mutum aƙalla 300,000 a 1970 a yankin da yanzu ake kira Bangladesh. Guguwar Idai an gan ta kwanaki kafin ta sauka a Beira ta Mozambik a watan Maris 2019, amma sama da mutum 1,000 suka rasu a Mozambik da Zimbabwe da Malawi. Freddy kuwa a 2023 an bi ta da ido tun daga kusa da Ostireliya, ta ƙetare Tekun Indiya gaba ɗaya, ta yi kwana 36, ta bugi Madagaska, ta shiga Mozambik sau biyu, ta jawo zaftarewar ƙasa a kudancin Malawi. Babu ranar da ta ɓace wa tauraro. Wanda ke ƙauye a gindin tsauni, ko dai saƙon bai kai gare shi da harshen da yake ji ba, ko ya kai amma ba shi da tudun da zai gudu.

Malam Garba:
Ban musa maka ko ɗaya ba, Malam Idi, sai dai ina ganin maganarka tana ƙarfafa dalilin da ya sa na buɗe wannan zance. A Atlantika Amurka tana tura jiragen sama su shiga cikin guguwa su auna ta, amma a yankin Mozambik da Madagaska galibi da hoton tauraro ake ƙiyasta ƙarfinta, ta hanyar da masanin yanayi Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970, wato a dubi siffar gizagizan da sanyin kansu da yadda idon ya fito. Cibiyar da ke tsibirin Reunion a Tekun Indiya ce ke fitar da gargaɗin wannan yanki. Gargaɗin nan yana amfani ne kawai idan mutane sun yarda da shi, kuma duk lokacin da aka yaɗa hoton gizagizan Kanari da sunan guguwa bakwai, mako ya wuce ba abin da ya faru, an rage wa gargaɗin gaskiya daraja a zukatan waɗanda suka karanta. A namu yankin abin da ke kashe mutane ambaliya ce da iskar farkon damina, kuma hukumar NiMet a Nijeriya da cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai da waɗannan hotuna na Meteosat suke aiki.

Hajiya Rabi:
Na koma na duba hoton kamar yadda ka ce, Malam, kuma lallai na dama da na hagu ba gefe ɗaya suka juya ba, tsibirin ma ga shi nan a saman jerin, da can ban lura da shi ba sam. Na aika wa mutum biyun nan bayani. Zulai, idan kin sami inda ake ganin hotunan kai tsaye ki sanar da ni, ina so in nuna wa jikokina.

Zulai:
To Hajiya, na samu. Shafin NASA ne mai suna Worldview, kyauta ne, yana buɗewa a waya ko da yake ya fi kyau a kwamfuta. Ki matsa taswirar zuwa yammacin Maroko har ki ga tsibiran, sannan ki mayar da kwanan wata zuwa Yuni ko Yuli ko Agusta na kowace shekara ki riƙa tafiya rana ɗaya-ɗaya. Wasu ranakun ba za ki ga komai ba sai ruwa ko ƙura, amma ban yi nisa ba na ci karo da jerin, ya miƙe daga tsibiran zuwa kudu maso yamma, wani kuma ya taso daga Madeira a samansu. Yanzu zan gangara wajen Senegal a ƙarshen Agusta 2017 in ga ko zan gane tarin hadarin da Malam Idi ya ce shi ya zama Irma.